Da me ake auna amfanin binciken likitan ciki da hanta?

Idan labari ya zo cewa jami'a ta ƙara wa wani likitan ciki da hanta girma ya zama farfesa, dangi da maƙwabta sai taya murna da addu'ar Allah Ya sa albarka. Abokan aikinsa kuwa, a Jos ne ko a Abuja, da yawansu kafin su aika saƙon barka sai sun leƙa shafinsa na Google Scholar. Lambobi uku suke dubawa: maƙala nawa ya wallafa, sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa a nasu rubutun, sannan nawa ce lambarsa ta h. Da waɗannan ukun ake yanke wa mutum hukunci a ɗakin shan shayin malamai, kuma da su kwamitin ƙarin girma da masu ba da kuɗin bincike suke fara auna shi.

Lambar h ba ta daɗe ba. Wani masanin kimiyyar fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, shi ya fito da ita a 2005. Idan aka ce lambar mutum 20 ce, ana nufin yana da maƙaloli 20 waɗanda kowace ɗaya an ambace ta aƙalla sau 20. Hikimar a bayyane take. Wanda ya tara takardu ɗari ba mai karantawa ba zai hau ba, wanda kuma ya dace da maƙala ɗaya tak da ta yi tashe shi ma ba zai hau ba. Su ma mujallu suna da nasu ma'aunin, wanda Eugene Garfield ya ƙirƙira, ana lissafa matsakaicin yawan ambaton da maƙalolin mujalla na shekaru biyun baya suka samu. Shi ya sa likitan da ya samu shiga manyan mujallu irin su Gut ko Hepatology ko Lancet yake tafiya da kafaɗa a sama, kuma ya cancanta, don ba a shiga waɗannan wuraren da aikin ganin dama.

Ba na cikin masu cewa lambobin nan shirme ne. Kafin a same su, ƙarin girma ya fi dogara da wa ka sani da kuma wanda ke fushi da kai. Sai dai abin da suke ƙirgawa shi ne malamai nawa suka karanta malami. Ba su san ko an sauya wa wani mara lafiya magani ba. Kuma ga mai bincike a nan Filato ma'aunin a karkace yake tun daga tushe. Yawancin masu rubutu a mujallun duniya suna ƙasashen da damuwarsu ita ce kitsen hanta da dashen hanta da kumburin hanji, don haka wanda ya rubuta a kan waɗannan yana da dubban masu ambatonsa a shirye. Wanda ya rubuta a kan gubar fumfunar gyaɗa ko tsutsar da ke lalata hantar masu noman rani, masu bibiyarsa kaɗan ne. Ga kuɗin wallafa a manyan mujallu da kan kai dubban daloli, ga mujallunmu na gida da yawansu ba sa cikin Scopus, rumbun da ke ƙirga ambaton maƙaloli, ambaton da aka yi a cikinsu kamar ba a yi ba. Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a faɗa a taro: sa sunana in sa naka, da yanka bincike ɗaya gida uku don ya zama maƙala uku, da mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda. Tun 2012 wasu masana da editoci suka tsara wata sanarwa a San Faransisko suna kira da a daina auna mutum da darajar mujallar da ya shiga. Kiran bai kai kunnen kwamitoci da yawa ba.

Wani abin kuma, ambato bai san gaskiya da kuskure ba. Labarin gyambon ciki ya nuna haka daga ɓangarori biyu. A farkon shekarun 1980 likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ce wata ƙwayar cuta ce, wadda yanzu ake kira Helicobacter pylori, ke haddasa yawancin olsa, ba damuwa ko yaji ba. Aka yi musu kunnen uwar shegu har Marshall ya kai ga shan ƙwayar da bakinsa a 1984 don ya nuna tana kumbura tumbi. Da a waɗancan shekarun farko aka auna su da yawan ambato, da ba su kai ko'ina ba. Sai 2005 suka karɓi kyautar Nobel. Ta ɗaya ɓangaren, a 1992 wani likita da ya yi aiki a Maiduguri, Holcombe, ya rubuta a mujallar Gut cewa akwai abin ɗaure kai a Afirka: kusan kowa na ɗauke da ƙwayar amma olsa da kansar tumbi ba su da yawa. Maganar ta bazu, aka yi ta ambatonta shekara da shekaru. Daga baya da na'urar leƙa ciki ta ƙaru a asibitocinmu aka duba tumbin mutane da ido, masana da dama suka ce ai gyambon yana nan, dubawa ce ba a yi. Har masu ƙaryata ra'ayin sun ƙara masa lamba, tunda dole su ambace shi kafin su musanta.

Yau kuma ka tsaya a kemis ɗin unguwa a Bauchi Road ko Anguwan Rogo a Jos ka saurara. "Olsa ce ta tashi, ba ni omeprazole." Har yanzu yunwa ake ɗora wa laifi, ana shan madara ana kwantar da zafin, ƙwayar kuma tana nan daram. Ilimin da ya ci Nobel bai gama isowa kan kantar ba. Maganin da ke kashe ƙwayar haɗi ne na magunguna uku ko huɗu na kwana 10 zuwa 14, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka saba sakawa, wato metronidazole da muke kira Flagyl, mun sha shi a kan kowane ciwon ciki har ƙwayar ta daina jinsa a wurare da yawa. Likitan da ya zauna ya gwada wane haɗi ne ke aiki a tsakanin mutanen Jos, ya rubuta a mujallar gida, da wuya a ambace shi sau talatin. Amma shi ne zai sauya abin da ake rubutawa a takardar magani.

Inda lamarin ya fi fitowa fili shi ne ciwon hanta nau'in B, don nan ne nauyinmu yake. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022, kashi 13 cikin ɗari ne kawai suka san suna da shi, masu shan magani kuwa ba su wuce kashi 3 ba. A Najeriya, babban binciken ƙasa na 2018 da aka yi don ƙirga masu cutar ƙanjamau ya gwada hanta ma, ya samu kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Yawancinsu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu, daga uwa lokacin haihuwa, ko daga yaro zuwa yaro a gida, ko ta askar da aka yi wa wani kaciya ko tsaga aka juya kan wani ba a tsabtace ba. Shekarun kamuwa su ne komai. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma cutar za ta zauna masa har abada. Babba in ya kamu, galibi jikinsa na korar ta. Kuma tana zama shiru shekara ashirin ko talatin, ba shawara ba zazzaɓi, sai ranar da ciki ya tara ruwa ko aka fara aman jini.

Sarƙar binciken da ta kai mu ga rigakafi doguwa ce. Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar a cikin jini a shekarun 1960, ya samu Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar ciwon hanta ta duniya. A 1981 Palmer Beasley ya fitar da sakamakon bibiyar maza 22,707 a Taiwan, ya nuna mai ɗauke da ƙwayar ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kansar hanta fiye da ninki ɗari. Taiwan ta fara yi wa jarirai allura a 1984, zuwa 1997 aka tabbatar kansar hanta ta ragu a tsakanin yaransu. Gambiya ta fara nata babban gwajin allurar a 1986. Najeriya sai 2004 ta saka allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum. Shekara ashirin ke nan tsakaninmu da Taiwan, kuma waɗanda aka haifa a cikin wannan tazarar su ne matasan da ke cika layin asibitin hanta yanzu.

To an gwada mutum an ce yana da ita, sai me? Nan ne gizo ke saƙar. Ba kowa ke buƙatar magani nan take ba, dole likita ya san ko hantar ta fara tauri da kuma yawan ƙwayar a jini. Ƙa'idojin Turai da Amurka sun ɗauka cewa gwajin ƙirga ƙwayar a jini da na'urar FibroScan mai auna taurin hanta suna nan a hannu. A wurinmu gwajin farko kuɗinsa kan fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, na'urar kuma sai manyan asibitoci ƙalilan. Sau da yawa likita zai rubuta gwaje-gwaje, mara lafiya ya karɓi takardar ya ce "To likita, zan je in shirya," shi ke nan ba a ƙara ganinsa. Wani zai koma wajen mai saiwoyi da sassaƙe, ya yi ta ɗirkar maganin shawara a gora, hantar da ke neman hutu a ƙara mata aiki.

Don haka a ƙa'idarta ta farko a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da wata hanya mai arha da ake kira APRI. Gwaji biyu take buƙata waɗanda ƙaramin ɗakin gwaji ma yana yi: sinadarin AST na hanta, da adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Ga yadda likita ke yi a bayan takardar sakamako da biro. A ce AST ɗin mutum 60 ne, iyakar lafiya kuma 40. Sittin a raba da arba'in, 1.5. Ƙwayoyin daskarar da jininsa 150. Sai a raba 1.5 da 150 a ninka da ɗari, amsa ta fito 1.0. A ƙa'idar 2015 sai lambar ta haura 2 ake cewa hanta ta ƙandare a fara magani. Wannan bawan Allah mai 1.0, in ba shi da kuɗin ɗayan gwajin, sai a ce ya tafi ya dawo bayan wata shida.

Matsalar ita ce APRI ba a kan mutanenmu aka gina shi ba. A Amurka aka fito da shi a 2003, kuma a kan masu nau'in C. Sai masu bincike a Afirka suka fara gwada shi a jikin nasu marasa lafiyar. Shirin PROLIFICA, wanda ya yi aiki a Gambiya da Senegal da Najeriya, ya nuna ma'aunin na tsallake masu ciwo da yawa, har ya kawo wasu hanyoyin lissafi masu sauƙi da suka fi dacewa da yankin. Daga nan wata haɗakar cibiyoyin hanta na Afirka mai suna HEPSANET ta tattara bayanan marasa lafiya sama da dubu uku daga ƙasashe takwas, ta wallafa a 2023 cewa iyakar 2 ɗin nan ba ta kama ko ɗaya cikin biyar na waɗanda hantarsu ta riga ta ƙandare. Wato ana sallamar mutane huɗu cikin biyar da suka fi kowa buƙatar magani. A watan Maris na 2024 Hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'ida: iyakar ta sauko zuwa 0.5, wanda ke da tarihin kansar hanta a danginsu ya cancanci magani, inda kuma babu gwajin ƙirga ƙwayar ana iya dogara da wani sinadarin hanta, ALT, in ya ci gaba da hauhawa. Hukumar ta yi ƙiyasin cewa aƙalla rabin masu ɗauke da cutar yanzu za su shiga sahun masu shan magani. Mutumin nan mai 1.0, da takarda iri ɗaya, yau da maganinsa zai fita.

Ni a wurina wannan shi ne tasirin bincike, kuma da shi nake fara auna masanin hanta: akwai shawarar da likita a ƙaramin asibiti a Mangu ko Pankshin yake yankewa daban yau saboda aikinka? Abin lura shi ne irin waɗannan maƙaloli sunaye ashirin ko talatin ne a kansu. Likitan da ya shafe shekaru yana cike fom, yana kiran marasa lafiya a waya su dawo, yana roƙon a kunna janareto kada jinin da ke firji ya lalace, sunansa na can a tsakiya, inda kwamitin ƙarin girma ke ba da maki mafi ƙanƙanta. Sunan farko da na ƙarshe, waɗanda ake ɗauka da daraja, sau da yawa na waɗanda suka kawo kuɗin ne daga waje. Ana samun gyara a wannan, amma da sauran rina a kaba.

Ba kuma adalci ba ne a ce duk binciken da bai kai gadon asibiti ba aikin banza ne. Masana daga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos tare da takwarorinsu na Kwalejin Imperial da ke Landan sun yi aiki a kan ko za a iya gane kansar hanta daga sinadaran da ke cikin fitsari, suka wallafa sakamako mai ƙarfafa gwiwa a 2010 da 2014. Burin shi ne wata rana a samu ɗan tsinken gwaji mai arha. Har yau bai zama kayan aikin yau da kullum ba, amma tambayar da suka ɗauko tana kan hanya, domin kansar hanta a nan da wuri take kama mutum kuma a makare ake gano ta. Wani nazari na ƙasashen Afirka da dama da aka fitar a 2017 ya samu cewa in aka cire Masar, rabin marasa lafiyar ba sa wuce wata biyu da rabi bayan an gano cutar. Wanda ke neman hanyar gano ta da wuri, ko bai kai ga gaci ba, ya share wa na bayansa fili.

Wani lokacin ma amfanin yana fitowa ne a inda ba za a taɓa jingina shi ga likita ba. Gubar aflatoksin, wadda wata fumfuna ke zubarwa a gyaɗa da masara in an adana su da danshi, an gano ta ne bayan dubban talo-talo sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗa. Masana hanta ne suka nuna cewa in ta haɗu da nau'in B haɗarin kansa ninkuwa yake yi. Amma maganin ya fito ne daga masana noma: cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don fumfuna marar guba ta rinjayi mai guba. Matar da ke tsince baƙar gyaɗa kafin ta kai niƙa don ƙuli-ƙuli, da manomin da ya daina shanya masara a ƙasa tsirara, ba sa cikin lissafin Scopus. Haka ɗaliban da farfesa ya horar. A ƙasar da ƙwararrun likitocin ciki ba su taka kara sun karya ba in aka kwatanta da yawan jama'a, kuma da dama suna ficewa waje, wanda ya koya wa matasa goma yadda ake ɗaure jijiyar maƙogwaro mai zubar da jini ta na'urar leƙa ciki ya yi abin da lambar h ba ta da gurbin rubuta shi.

Akwai kuma inda bincike ya gama nasa, laifin ba na masana ba ne. An san allurar farko dole a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Amma mace ta haihu a gida daren Juma'a, asibitin unguwa kuma sai ranar rigakafi ake buɗe kwalba, ga al'adar da ke cewa ba a fita da jinjiri kafin suna. A faɗin Afirka kashi 18 cikin ɗari na jarirai ne suka samu wannan allura a 2022. An san maganin tenofovir yana danne ƙwayar, an san in aka bai wa mai juna biyu da ƙwayar ta yi wa yawa a watannin ƙarshe yana kare jaririn. Amma mai cutar ƙanjamau yana karɓar wannan magani kyauta cikin haɗin da ake ba shi, mai ciwon hanta kaɗai kuwa daga aljihunsa zai saya kowane wata. Masar ta nuna abin da ke faruwa in gwamnati ta ɗauki sakamakon bincike da muhimmanci: ta sa aka riƙa yin maganin nau'in C a gida da arha, ta gwada miliyoyin mutane daga 2018, har a 2023 ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shaidar matakin zinariya a hanyar kawar da cutar. Masanin da ya bar ɗakin gwaji ya je ma'aikatar lafiya a Abuja ya zauna a kwamitin rubuta ƙa'idar ƙasa, ko ya yi ta sintiri don a saka gwajin hanta cikin awon ciki, yana rasa lokacin rubuta maƙala. Ƙungiyar likitocin ciki da hanta ta Najeriya, SOGHIN, ta yi irin wannan aikin na fitar da ƙa'idojin gida, kuma ba a ba da maki mai yawa a kansa.

Sabuwar ƙa'idar 2024 ita ma ta zo da nata tambayoyin, kuma amsarsu ba za ta fito daga hedikwatar Hukumar da ke Jeniba ba. Tenofovir ba ya kashe ƙwayar, danne ta yake yi, don haka ga yawancin mutane shan sa na tsawon rai ne. Wanda ya fara sannan ya yanke kwatsam saboda kuɗi sun ƙare ko ya ji sauƙi, cutar kan iya tasowa da ƙarfi ta illata hantar fiye da da. Yanzu da za a ɗora dubban matasa masu jin kansu garau a kan magani, mutum nawa ne za su ci gaba da sha bayan shekara biyu? Ƙodarsu za ta jure? Ma'aikaciyar jinya a asibitin karkara za ta iya kula da su ba sai an turo su asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ba? Amsa waɗannan na buƙatar rajista mai kyau, da lambobin waya da ake sabuntawa, da wanda zai bi mutane shekara biyar ko goma, alhali tallafin bincike, na TETFund ne, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko na waje, galibi shekara biyu zuwa biyar yake ƙarewa.